Akwatin Sitiyarin Baba

Motar Baba ta fara zubar da jan mai tun kafin in zo gida hutu, kuma kamar kullum ni ce ta ƙarshe da ta ji labari. Auta ce ni. Na yi aure, na haifi biyu, ina tuƙa kaina zuwa wurin aiki, amma a gidanmu har gobe ba a sa ni a shawara sai an gama yanke ta.

Yaya ne ya yanke wannan. Shi ne babba, kuma tun da furfura ta fara leƙo masa yake magana kamar alƙali. Ya ce motar ta tsufa, mai ita ma ya tsufa, sitiyarin ya yi nauyi har sai an yi kokawa da shi kafin a sha kwana, don haka a sayar kowa ya huta. Baba, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a ƙarƙashin motocin mutane, ya saurare shi har ya kai aya. Sannan ya ce akwatin sitiyari ne ke yoyo, robobin ciki ne suka mutu, kuma zai gyara abinsa a gida.

"To mu yi haka, Baba," in ji Yaya. "In ka gyara da hannunka, makulli naka ne, ba mai sake tayar da maganar. In ta gagara, ka haƙura da tuƙi."

"Na ji," in ji Baba.

Yaya bai faɗi abin da ke cin sa ba, amma duk mun san shi. Kwanakin baya Baba ya kira 'yata da sunana, wata rana kuma ya fita sayen batir ya dawo da sabulu. Dariya muka yi, muka ce tsufa ne. Haushin Yaya na ji sosai a ranar, don na ga ya mai da gyaran mota jarrabawa, ya kuma zaunar da ubanmu a kan benci kamar ɗan makaranta.

Da safe ni da Baba muka ɗaga gaban motar da jak a rumfar bayan gida. Ya kwance tiyo biyu, jan man ya tsiyaye a cikin tsohon kwano, sannan ya sassauta kusoshin da ke riƙe da akwatin. Abin bai kai tukunyar miya girma ba, amma da ya sauko hannuna sai da na yi nishi. Muka aza shi a kan tebur, Baba ya goge shi da tsumma a hankali, yana nuna mini bakin da man ke bi yana fita.

A nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Ya yanko doguwar waya ya lanƙwasa bakinta. Duk abin da ya ciro daga cikin akwatin, zobe ne, roba ce, wosha ce, sai ya zura shi a wayar, ɗaya bayan ɗaya, yadda suka fito. Da zai tashi ya ɗaure wayar ya rataye ta a ƙusa.

"Baba, da can ba ka yin haka," na ce.

"Da can majina kike sha, ina kika sani?"

Na yi dariya na bar zancen. Amma na sani. Ina ƙarama, zube kayan yake yi a faranti kamar tsakuwa, yana hira da mai mota, hannunsa na ɗauko abin da ya dace ba tare da ya duba ba.

Bayan ya ci abinci ya tafi kasuwar kayan mota da ƙafa neman sababbin robobi, ni kuma na shiga ɗaki na kwanta. Sai Mama ta fito. Baba ya daɗe da raɗa mata suna Sifeto, saboda ba ta iya ganin datti ta wuce, ita kuma tana ce masa Injiniya. Tun suna amarya da ango, in ya kwance abu ya fita, ita ke wanke masa kayan da kananzir ta shanya, ya dawo ya tarar da su tas. Ba ya sa ta, ba ya hana ta. Ranar ma haka ta yi. Ta sauke wayar, ta zazzage komai a kwano, ta wanke da tsohon buroshin haƙori, ta jera a kan farin ƙyalle daga babba zuwa ƙarami. Wayar kuwa ta miƙe ta, ta ajiye a gefe.

Muryarta ce ta fito da ni. "Injiniya, ga kayanka nan, ko a ido ka sa ba za su yi maka komai ba."

Baba na tsaye da leda a hannu, yana kallon teburin.

"Wa ya kwance wayar?" ya tambaya. Bai ɗaga murya ba.

"Ni mana. Yo ta yaya zan wanke su a tsire? Kuma kai yaushe ka fara buƙatar waya?"

Ya jawo kujera ya zauna, ya ɗauki wani siririn zobe ya juya shi, ya ajiye, ya ɗauki wani. Na ga fuskar Mama ta sauya. Ta dubi wayar, ta dubi mijinta, sai ta sa bakin zane ta goge hannunta da ba shi da komai. Tausayinsu su biyun ya kama ni har na rasa wanda zan fara kallo.

"Na manta yadda suke bi," in ji Baba. "Shi ya sa na yi wayar."

Ban taɓa jin ya faɗi haka a kan ƙarfe ba. Na ce ko in kira wani makanike a ɓoye, Yaya ba zai sani ba. Ya harare ni.

"Ni zan sani," ya ce. "Jawo kujera. Sifeto, ke ma zauna, tun da ke kika ɓata, da ke za a gyara."

Mama ta zauna ba musu, abin da ba kasafai take yi ba.

Dabarar da ya kawo mai sauƙi ce, sai dai tana cin lokaci. Ya ce ƙarfen da ya daɗe yana zaune kusa da ɗan'uwansa sai ya bar masa tabo. Ko ya manta jerin, tabon na nan. Mu riƙa ɗaukar kowane zobe muna neman inda ya goge, muna gwada shi a ramin da ya yi daidai da shi. Idon Mama ya fi namu, ita ke hango inda wosha ta yi sheƙi a gefe ɗaya. Yatsuna sun fi nasu ƙanƙanta, ni ke zurawa ciki. Baba kuma ke yanke hukunci, ya taɓa da ɗan yatsa ya ce a'a, juya ta, leɓen robar ciki yake kallo, wajen mai. In tsohuwar roba ta zauna daidai, sai mu cire ta mu sa sabuwa irinta, bayan ya shafe ta da jan mai.

Mun yi kuskure ba sau ɗaya ba. Akwai zoben da muka sa muka rufe, sandar da ke cikin akwatin ta ƙi juyawa, muka sake buɗewa. Akwai ƙananan ƙwallayen ƙarfe da ke gudu a cikin sandar, wasu farare wasu masu duhu, ɗaya ta faɗi ta gangara ƙarƙashin tukunyar fure, Mama ta bi ta da rarrafe tana mita. Baba ya ce ana sa fara a bi ta da baƙa, wannan kam bai manta ba, ya liƙa su da giris don kada su zube. Har ya fara 'yar waƙarsa ta aiki, wadda ba ta da kai ba ta da gindi.

Aikin da ya saba gamawa kafin rana ta karkata sai da ya kai mu washegari. Muka mayar da akwatin, ya zuba sabon mai, ya sa ni ina murza sitiyari dama da hagu har kumfa ta daina tasowa. Ya shimfiɗa farin kwali a ƙarƙashin motar ya tayar da inji.

Da Yaya ya zo, sai da ya durƙusa da kyawawan kayansa ya jawo kwalin. Ko ɗigo babu. Ya murza sitiyarin da yatsa ɗaya, ya sosa ƙeya.

"Na janye, Baba. Allah ya ƙara lafiya."

"Amin. Ka kakkaɓe gwiwarka, alƙali."

Mama ta yi ta murmushi kamar ita aka ba makullin. Baba ya ce in shigo mu zaga mu ji ta a kan titi.

Tuƙinsa na nan yadda na san shi, a natse, hannu ɗaya a sitiyari ɗaya a taga. Muka wuce gidan mai, muka zaga ta bayan makaranta, yana shan kwana yana cewa in ji yadda take bi kamar ruwa. Na ji daɗi har cikin raina, ina ta shirya baƙar maganar da zan yaɓa wa Yaya.

A hanyar dawowa muka iso mararrabar da ke kusa da gidanmu, wadda ya bi tun kafin a haife ni. Ya rage gudu. Ya dubi dama, ya dubi hagu, ya sake duban dama. Babu motar da ke zuwa. Sai ya gangara gefen titi ya tsaya, ya bar injin na aiki.

Daga inda muke ina hango rufin gidanmu.

"Gyaran ya yi, ko?" ya ce.

"Ya yi, Baba."

"Da hannuna."

"Da hannunka."

Ya gyaɗa kai, ya ja birkin hannu, ya buɗe ƙofarsa.

"To zagayo ki kai mu gida, Auta. Ban san ta inda ake shiga ba. Kada ki gaya wa uwarki yau, bar ta ta gama murnarta."