Sai Mai Layin Ya Zo da Kansa

Abu biyu Habibullah ya bari a gida ranar da ya kama hanyar arewa neman arziki. Babur ya bar wa ƙaninsa Ilu, waya kuma ya bar wa mahaifiyarsu, wadda kowa a ƙauyensu na bayan Ɗanzomo yake kira Goggo, har 'ya'yan cikinta. Wayar irin 'yar ƙaramar nan ce mai tocila, wadda ko a randa ta faɗa, in aka shanya ta sai ta tashi. Shi da kansa ya je Gumel ya sayi layin, ya dangwala yatsa, aka ɗauki hotonsa, ya haddace lambar tsaf. Ya ce duk inda ƙafa ta kai shi a duniya, ta nan za a ji shi.

Shekara uku yana cika alkawari. Yakan ari wayar wani Balarabe mai kanti a garin da yake aikin gini can bayan hamada, ya kira a gaisa a gurguje. Daga nan sai shiru, shekara huɗu cur. Masu bakin magana suka ce teku ce ta ci shi, wasu suka ce kurkuku.  Goggo kuwa dama can ba ta magana a kansa, domin ɗan fari ne, kuma ita mutuniyar da ce mai kunya. Tun da ta haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. In ta kama dole sai ta ce "mutumin nan." Ko lokacin da yake kira, miƙa wa Ilu wayar take yi ta koma tsintar wake, amma duk wanda ya lura zai ga hannun ya daina motsi.

Wayar dai ba ta taɓa rasa caji ba. Ilu ya ja mata waya daga batirin babur, kullum da safe yana ɗura mata wuta kafin ya fita acaɓa. A duk gidan wuri ɗaya ne sabis yake kamawa, jikin darbejiyar tsakar gida, daidai wani ƙusa da ke sama da kan mutum. Nan Goggo take rataye ta cikin 'yar jakar da ta ɗinka da ƙyallen atamfa, nan kuma take shimfiɗa tabarmarta. Ta ce don inuwa ne. To, wa zai musa wa babba?

Ana shirin shuka saƙo ya shigo: an rufe layin, sai an haɗa shi da lambar katin ɗan ƙasa na mai shi. Ilu ya karanta sau biyu. Ya san abin da ake yi wa layin da ya daɗe a rufe, sayar da lambar ake yi ga wani. Lambar nan kuwa ita kaɗai ce yayansa ya haddace.

"Ki kwantar da hankalinki, Goggo," in ji shi. "Kira ɗaya zan yi musu."

Wanda bai taɓa kiran kamfanin waya ba shi ke cewa kira ɗaya. Ilu ya kafe babur a inuwar wata tsamiya a Gagarawa Tasha, ya kishingiɗa a kan sirdi, ya buga daga tasa wayar. Wata murya mai sanyi ta yi masa barka da zuwa, ta ce domin Hausa ya danna uku. Ya danna. Ta ce ya danna ɗaya, ya danna huɗu, ya danna sifili, sannan ta ce duk ma'aikatansu suna tare da wasu, ya ƙara haƙuri. Sai kiɗa ya fara, wani irin kiɗa mai tafiya yana komowa ba ya zuwa ko'ina.

Ilu mutum ne mai saurin tafiya duniyar tunani, har matarsa takan ce in yana cin tuwo sai an tuna masa da miya. Cikin kiɗan nan ya fara ganin ɗakin da muryar take zaune, ɗaki mai sanyi, duk gilashi, da layukan mutane rataye a bango kamar zaren saƙa, kowane da sunan mai shi. Ya raɗa mata suna Larai. Ya ga ta tashi ta bi zaren Goggo da yatsa, zaren ya fita ta taga, ya wuce Maigatari, ya ratsa Damagaram, ya miƙe cikin rairayi kwana da kwanaki, har ya ƙare a ƙofar wani kanti inda wani dogon mutum mai siminti a gira yake tsaye. Fasinja biyu suka zo suka taɓa shi, suka gaji suka hau wani babur ɗin.

Da mutum mai rai ya ɗauka, wani saurayi ne mai magana da sauri kamar ana korarsa. Ilu ya zayyana masa komai tun daga farko.

"Mun gode da kira, Malam. Sai mai layin ya zo ofishinmu da kansa."

"Ai shi ne ba ya nan. Kiransa muke jira a layin."

"To, in ya kira sai ku gaya masa ya zo."

"Ta ina zai kira, bawan Allah, kun rufe?"

"Akwai wani abin da zan taimaka maka da shi?"

Haka aka yi sau tara a cikin wata biyu. Sunan mai ɗauka ne kawai yake canzawa. Ranar wata Alhamis Ilu ya kai wayar kasuwar Maigatari wajen Ubale mai gyara, wanda ake cewa ko wayar da mota ta taka yana tayar da ita. Ubale ya buɗe ta, ya hure, ya goge layin a gefen rigarsa, ya mayar. Wayar ta yi ƙara, Ilu ya matso da sauri, ashe sabis ɗin Nijar ne ya tsallako yana musu maraba da Faransanci.

"Ƙarfenka lafiya lau," in ji Ubale. "Ciwon a sama yake, ni kuma tsanina bai kai can ba. Ka ɗauki tsohuwa ku je Gumel, wataƙila su ga furfura su ji kunya."

Rabon Goggo da hawa babur ɗin tun mai shi yana nan. Ta zauna a karkace, ta riƙe ƙarfen baya da hannu ɗaya, jakar wayar a ɗayan. An yi ruwa da asuba, gero ya kai ƙirji, hanya ta yi laushi, belbelu suna tashi daga tafki suna sauka a bayan shanu. Ilu ya tafi a hankali. A wani wuri ya ji ta ɗora tafin hannunta a kan tankin da ke gefen cinyarsa, inda fenti ya goge saboda gwiwar yayansa, ta daɗe ba ta ɗauke ba. Bai waiwaya ba.

A ofishin aka ba su lamba a 'yar takarda. Suka zauna tun hantsi har aka kira azahar, domin na'urar ma'aikatan ta ɗauke, kamfanin sabis ya rasa sabis. Da layi ya zo kansu, wata yarinya mai suna Zakiyya a rubuce a ƙirjinta ta tambaya ba tare da ta ɗago ba.

"Mama, sunan mai layin?"

Ilu ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu. "Ita na tambaya, ita ke amfani da shi."

Goggo ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. "Ɗan gidan Malam Sabo ne, 'yata."

"Sunansa nake so. Ba ɗanki ba ne? Ba ki san sunan ɗanki ba?"

Wani dattijo a bayansu ya yi tsaki ya ce yaran zamani sai addu'a. Ran Ilu ya ɓaci ƙwarai, ya faɗi sunan da ƙarfi har mai gadi ya leƙo. Yarinyar ta danna, ta juyo musu da allon. Ga Habibullah nan, da hularsa a karkace, yana kallonsu da idon mai shekara ashirin da biyar. Goggo ta kalle shi sau ɗaya ta kau da kai.

"Hanya biyu ce," in ji Zakiyya, muryarta ta ɗan sauka. "Ko ya zo ya dangwala yatsa, ko ku kawo takardar shaidar rasuwarsa a mayar da layin sunanki."

Wani mai jar hula da ke kusa ya matso ya raɗa wa Ilu cewa takardar ba wuya, ya san wanda zai yi ta kafin la'asar. Gaskiyar magana, Ilu ya ji abin ya kwanta masa. Takarda ce kawai, kuma layin zai buɗe. Ya juya zai yi wa Goggo bayani sai ya ga ta riga ta miƙe.

"Tashi mu tafi," ta ce. "Ba zan kashe shi a takarda don a buɗe mini waya ba."

Damina ta wuce, aka yanke gero, aka ɗaure dammuna. Goggo ba ta fasa rataye wayar a ƙusanta ba, Ilu bai fasa yi mata caji ba, ko da yake dukansu sun san babu abin da zai shigo. Ya kuma koyi wata ɗabi'a. Duk inda ya sauke fasinja sai ya buga lambar daga tasa wayar, don kawai ya ji Larai ta ce layin ba ya aiki. Muddin tana faɗin haka, ba a ba wa kowa ba.

Wata Talata ya sauke mai buhun gyaɗa a Sule Tankarkar, ya buga kamar kullum. Sai ya ji tana shiga. Saura kaɗan babur ya kwanta da shi. Mace ce ta ɗauka, ana jin ƙarar keken ɗinki a bayanta.

"Salamu alaikum. Don Allah, baiwar Allah, wannan lambar..."

"Kai ma Goggo kake nema?"

Ilu ya sauka daga babur ya zauna a ƙasa. Sunanta Nana Firdausi, tela ce a Zariya, sati uku ke nan da ta sayi sabon layi, amma ba kullum take kunna shi ba. Ta ce Juma'a biyu a jere wani mutum ya kira bayan an sauko daga masallaci, da wata doguwar lamba ta ƙasar waje, yana cewa a ba shi Goggo ko Ilu. Na farko ta ce ba nan ba ne. Na biyu ta ɗauka ɗan damfara ne, ta yi masa tas, ta ce kada ya sake kiranta.

"Wayyo Allah, ban sani ba," ta ce da ya gaya mata. "Wallahi har kuka na ji kamar yana yi. Tsaya, lambar tana nan, yanzu zan turo maka."

Ilu bai san yadda ya iso gida ba. Ya tarar da Goggo a gindin darbejiya da faifan wake a cinya. Ya durƙusa ya faɗa mata, maganar tana fita a hargitse. Hannunta ya tsaya a cikin waken. Ilu ya miƙe, ya ɗaga wayarsa daidai ƙusa, ya buga, ya sa ta a fili yadda za su ji tare.

Ta daɗe tana ƙara kafin wani Balarabe ya ɗauka da babbar murya, hayaniyar kasuwa a bayansa. Ilu ya yi sallama, aka amsa. Daga nan Larabcinsa ya ƙare. Ya so ya faɗi sunan, wata huɗu yana faɗa wa mutanen kamfani shi ba gargada, amma yau ya kasa, sai hawaye. Balaraben ya yi tambaya sau biyu, muryarsa ta nuna ya gaji, alamar zai kashe.

Goggo ta ture faifan, wake ya watse. Ta miƙe ta kama hannun Ilu da wayar gaba ɗaya, ta yi ɗage ta kai bakinta.

"Habibullah," ta ce.

Shekarar Ilu ashirin da tara a duniya, bai taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Sunan ya fito mata a hankali.

"Habibullah. Habibullah nake nema. Ni ce uwarsa."

Sai Balaraben ya kwashe da magana mai yawa cikin murna, yana maimaita sunan. Ba su fahimci komai ba sai kalma ɗaya da ya yi ta nanatawa, wadda ba ta buƙatar tafinta: Juma'a, Juma'a.

Da kiran ya yanke, Goggo ta sauko da jakar atamfa, ta zaro tsohuwar wayar ta miƙa wa Ilu, ta karɓi tasa ta zura a ciki, ta mayar kan ƙusa. Ilu ya so ya ce ta nan fasinjojinsa suke samunsa, ya haɗiye.

"Yau wace rana?" ta tambaya.

"Talata, Goggo."

Ta lanƙwasa yatsa uku ta dube su. Sannan ta durƙusa tana tsince waken da ya zube cikin ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ta juya masa baya don kada ya ga fuskarta. Ilu ya tura babur zai kai shi zaure, sai ya ji ta sake faɗin sunan, ƙasa-ƙasa, ita kaɗai.