Fentin Ƙirjin Jirgi

Saura mako uku soja su miƙa wa farar hula mulki, Isyaku mai fenti ya fasa wa mutum baki a tsakiyar kasuwar Wudil. Wani ɗan bangar siyasa ne, Maikano, ya zo da zugarsa yana neman galan biyu na fenti kyauta, wai za su shafe katangun gari da launin jam'iyyarsu. Isyaku ya ce babu. Maikano ya ce, "Tsohon soja, zamaninku ya wuce, yanzu mu ne gwamnati," ya kai hannu kan kanta. Isyaku ya damƙi hannun ya murɗe shi har ya yi ƙara, ya ɗauki galan ɗin da ake magana a kai ya kirɓa masa a fuska. Haƙora uku aka tsinta a cikin jan fenti. Zugar ta watse ta bar takalma.

Kafin la'asar labarin ya iso wurin ƙanwarsa Safara'u. Matan da suka kawo shi dariya suke yi. Ita ba ta yi ba. Ta san wanda hannun nan yake nema shekara goma sha ɗaya, ta kuma san duk Juma'a suna cin tuwo a kwano ɗaya. Mijinta ne, Halliru.

Lokacin yaƙin basasa, Isyaku yana saje, shi da ƙaninsu Bilya suna sojan ƙasa a rukuni ɗaya. Wata safiya suna jiran kwalekwale a bakin wani kogi can kudu, jirgin sama ya sauko musu. Isyaku na kwance rigingine cikin ciyawa, ya ga ƙirjin jirgin, wato ɓangaren da ke kallon ƙasa, ya wuce ta kansa kusa ƙwarai, babu tambari babu lamba. Sai wuta. Ya miƙe rabin fuskarsa na ci, ya iske Bilya ya rabu biyu daga ƙugu, bakinsa na motsi. Ya sungumi ɓangaren da ke da kai ya yi ta gudu da shi, sai da mutum huɗu suka danne shi kafin a ƙwace. Manya suka ce jirgin abokan gāba ne. Haka aka rubuta, haka aka gaya wa uwarsu. Da Isyaku ya dawo gida ya rantse a gaban dangi, duk wanda hannunsa ya taɓa jirgin nan, in Allah ya haɗa su, sai ya kashe shi. Dattawa suka ce zafin rashi ne, lokaci zai huce shi. Dattawa na son faɗin haka, don ba su ne za su kwana da zafin ba.

Shi kuwa Halliru kofur ne a sojan sama, aikinsa shafa wa jirage fenti. Shekara shida da suka wuce, cikin wani zazzaɓi, ya gaya wa matarsa cewa jirgin da ya kashe Bilya nasu ne, ba na abokan gāba ba. Fentin ƙirji ya ƙare musu a lokacin, sai ya harhaɗa ragowar gwangwanaye ya sami wani shuɗi mai ɗan kore-kore, ya shafa wa jirgi ɗaya tak. Wani matuƙin haya ya tashi da shi, ya ɓata hanya, ya ga mutane a bakin ruwa, ya saki. Kafin azahar duk ma'aikatan filin sun sani. Kafin magariba an gaya musu ba su sani ba. Washegari aka ba Halliru toka-toka ya rufe launin da hannunsa.

Tun da ya bar aiki ya dawo Wudil, Halliru ba shi da abin yi sai sassaƙa jiragen da ya taɓa shafawa, ƙanana, kowace ƙafa huɗu ta jirgin gaske inci ɗaya. Itacen rimi yake samowa daga wajen Utai don ba shi da nauyi. Taya daga tsohon silifa, gilashin matuƙi daga kwalbar allura, buroshi kuma da gashin jelar bijimi yake ɗaura shi, in ya tsinto a kasuwar shanu. Jirage tara ya yi wa aiki a soja. Takwas ya kammala su, suna kan allo a ɗakinsa. Na tara ya gama komai nasa, ƙirjin ne kawai farin itace. Ana haka hedimastan firamare ya roƙe shi ya kawo su duka yara su gani ranar ɗaya ga Oktoba.

"Baban Rabi," in ji Safara'u ga mijinta, "shafa masa toka-toka irin na 'yan uwansa mana. Wa zai leƙa ƙarƙashin jirgin itace?"

"Ba launinsa ba ne."

"Ai kai da kanka ka ce ka rufe shi da toka-toka."

"Wannan daga baya ne."

Ya gwada bular wanki da farar ƙasa, ta bushe ta ɓarɓashe. Ya hau mota zuwa Kano, ya zaga Sabon Gari, aka ce fentin mota sai dai galan guda, kuɗinsa ya kusa na tunkiya. Ya bi masu gyaran jikin mota suka kankaro masa guntaye a gwangwanin tumatir, ya dawo ya haɗa, ya fito kamar miyar kuka. Safara'u ta yi hamdala a zuciya. Ta ma taimaka wa ƙaddara, ta tsiyaya kananzir a ɗan farin da ya rage masa.

Ranar Asabar ya ce mata, "Gobe da hantsi Yayanki zai zo da kayansa. Babu mai ido irin nasa a garin nan."

Ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta. "Ka ga abin da ya yi wa Maikano a kan galan biyu?"

"Na gani."

"So kake ya kashe ka?"

"So nake in ga launin."

"To ka gan shi kai kaɗai! Ka tafi Kano ka sayi galan ɗin, ni zan sayar da akuyata."

Ya duƙa yana goge fiffiken jirgin da samfefa, wurin da ba ya bukatar guga. Nan ta gane ba fenti yake nema ba. An ce gaskiya ba ta kisa. Wanda ya fara faɗin haka bai zauna da tsofaffin soja ba.

Isyaku ya iso da hantsi, kwali a kafaɗa, ya yi sallama ya shigo har tsakar gida. Aka gaisa, aka tambayi iyali da kasuwa da ƙafar Halliru mai ciwo.

"Safare, kin rame. Wannan sojan inuwar ba ya ba ki abinci ne?"

"Yaya, zauna ka ci ɗumame tukuna. Na dama fura ma. Aikin ai ba gudu zai yi ba."

"Rana ce za ta gudu," in ji Halliru. "In ta take, launi ƙarya yake yi. Bismilla, Saje."

"Ka ji Kofur! Mu muna cikin taɓo har wuya, su suna ƙarƙashin fiffike suna shan shayi. Yanzu kuma ya tsufa ya koma wasan yara." Isyaku ya zauna a tabarma ya jera gwangwanaye huɗu, fari da shuɗi da baƙi da rawaya, ya fito da sukudireba yana ɓalle murafe. "To faɗa mini. Shuɗi irin na me? Sama? Rigar 'yan makaranta?"

"Ya fi su haske. Kamar tsohon kwanon sha da ya koɗe. Amma da ɗan kore a ciki."

"Da ka ce kwanon surukarka, da na gane tun ɗazu."

Ya auna fari murfin kwalba shida, shuɗi ɗaya, ya tsoma tsinke a baƙi ya ɗiga. Ya juya, ya shafa a bayan faifai, suka jira ya sha iska. Halliru ya girgiza kai. Aka ƙara fari. Ya sake girgiza kai.

"Saura rawaya," in ji Isyaku. "Ita ke kawo koren."

Safara'u ta taso da kwaryar fura, ta bi ta gefen tabarma, ta sa ƙafa ta ture gwangwanin rawaya. Ya kife, ƙasa ta fara sha.

"Wayyo, Yaya, yi haƙuri! Ban gani ba."

"Ke dai tun kina yarinya ƙafarki ba ta da ido." Ya sa bakin sukudireba ya lakato daga saman da bai taɓa ƙasa ba. "Kwantar da hankalinki, ɗigo biyu ake so."

Ɗigo biyu suka shiga. Ya juya. Halliru ya leƙa gwangwanin. Ya ɗauki buroshi, ya shafe ƙirjin jirgin daga hanci zuwa wutsiya. Isyaku na shan fura yana ba da labarin yadda Maikano ke yawo da baki a ɗaure.

"Ya yi?" ya tambaya.

"Ba a gane fentin ƙirji daga sama," in ji Halliru. "Mu a wurin aiki, ƙarƙashi muke shiga mu duba shi da sararin sama a bayansa. Kwanta, Saje, in ɗaga maka."

"Baban Rabi!" in ji Safara'u.

"Bar shi, Safare, yau ni ne yaronsa." Isyaku ya ajiye ludayi ya miƙe rigingine a tabarma yana dariya. Halliru ya tsaya ta wajen ƙafafunsa, ya ɗaga jirgin da hannu biyu, ya tako a hankali ya wuce da shi ta kan fuskarsa.

Dariyar ta yanke. Ɓangaren fuskar Isyaku da wuta ba ta ci ba ya koma kamar ɗayan. Ya daɗe a kwance yana kallon sama bayan jirgin ya wuce.

"A ina ka ga wannan launin?"

"Ban gan shi a ko'ina ba. Ni na haɗa shi."

"Na su waye?"

"Namu."

"Jirage nawa ka shafa wa shi?"

"Ɗaya."

Safara'u ba ta ga tashinsa ba. Ta dai ji ƙarar kan mijinta a jikin turmi, ta ga jirgin ya yi sama ya faɗo ya rabu da fiffike. Isyaku ya hau ruwan cikin Halliru yana dukan fuskarsa, hagu da dama, ba zagi ba ihu, sai numfashi. Hanci ya fashe. Halliru bai kāre ba, hannuwansa na shimfiɗe a ƙasa, buroshi na cikin yatsunsa. Ta kama rigar Yayanta tana ja, "Yaya, don Allah! Don darajar Inna! Ba shi ya tuƙa ba, fenti kawai ya shafa!" Ya wurgar da ita da gwiwar hannu, ta faɗa kan murhu, leɓenta ya tsage.

Da ta ɗago, sukudireba na hannunsa. Ya caka sau ɗaya, ƙarfen ya shiga tsakanin wuya da kafaɗa, jini ya yi tsartuwa har kan gwangwanin fari. Ya zare. Ya sa hannun hagu ya danne haɓar Halliru sama don maƙogwaro ya fito sosai, ya ɗaga na dama.

Taɓarya na jingine da turmi. Safara'u ta shekara talatin tana daka, ta san inda nauyinta yake. Ta ɗaga ta da hannu biyu ta sauke a kan damtsen Yayanta. Ƙashin ya ce ƙas, kamar busasshen kara. Sukudireba ta faɗi. Ya juyo zai kai ɗaya hannun, ta ƙara masa a kafaɗa, ya kife gefe cikin rawayar da ta zube.

Ta yar da taɓaryar, ta cire ɗankwalinta ta dunƙule ta cusa a ramin da ke wuyan mijinta, ta danne da duk ƙarfinta. Jini na ɓulɓulowa ta tsakanin yatsunta, amma ƙirjinsa na hawa yana sauka. Ta ƙwalla wa maƙwabta kira, a nemo mota, a nemo mota.

Isyaku ya ja jiki ya jingina da katanga, hannun dama na lilo ta inda babu gaɓa. Ba mijin yake kallo ba, ita yake kallo.

"Kin ce fenti kawai ya shafa," ya ce. "Wa ya gaya miki?"

Ta ƙara danne ɗankwalin a wuyan mijinta.

"Tun yaushe?"

"Shekara shida."

"Inna na da rai a lokacin."

"Tana da rai."

"Kika bar ta ta mutu tana tsine wa waɗanda ba su yi ba. Kika riƙa zuba mini tuwo ina ci da shi."

"Na riga na rasa Bilya, Yaya. Ka so in ƙara da wa?"

Maza suka cika gidan, ana salati, ana tambayar me ya faru, ɓarayi ne ko 'yan bangar Maikano. Wani ya kawo a-kori-kura ƙofar gida, aka ciccibi Halliru, Safara'u na biye hannunta na kan raunin. Mutum biyu suka kama Isyaku za su sa shi a motar, ya fizge.

"Ba na shiga mota ɗaya da su."

"Haba Saje, ƙanwarka ce fa, ga hannunka a karye."

"Ƙanina ɗaya ne, na baro shi a kudu. Ba ni da wata."

Ya tallafi karyayyen hannun da mai lafiyar, ya bi lungu da ƙafa. Direba ya leƙo ya ce, a jira shi ne? Safara'u ta ji jijiyar wuyan mijinta na bugawa a tafin hannunta, a hankali, amma tana bugawa.

"Ja mu tafi," ta ce.