Tafiyar Sukari Zuwa Bahindi

"To daga hannun Larabawa sai ina?" in ji Safina, tana tsince tsakuwa daga shinkafar da ke cikin faifai.

Muhsin, malamin Turanci a makarantar Bahindi, ya gyara zama a kan tabarma, fuskarsa kamar an yi masa albishir. Ya ɗaga kwalin sukarin da ya sayo mata a bakin iyakar Benin, ya nuna rubutun Faransancin da ke jiki. Ya ce kalmar sukari daga Indiya ta taso, Farisawa suka karɓa, Larabawa suka mai da ita sukkar, ta haye teku a jiragen fatake har bakin Faransawa, sannan Turawan Ingila suka ara. Haka kofi, haka sunan auduga a Turanci, duk da ƙamshin Larabci a jikinsu.

Safina tana son wannan hirar har cikin ranta. Tun damina yake zuwa zance bayan la'asar, kullum da sabuwar kalma da tarihinta. Sai dai bai taɓa faɗin abin da ke kawo shi ba, ga shi mahaifinta, Malam Ma'azu, ya gaji. Da safen nan ya gaya wa mahaifiyarta cewa ƙofar gidansa ba aji ba ce. In saurayin bai turo magabata ba, daga yau zancen ya ƙare.

Ta ajiye faifan, ta faɗa masa haka, murya ƙasa-ƙasa, idonta na kan shinkafa.

Muhsin ya ɗago ya dube ta. Ashe a tunaninsa sai ya gama burge ta da ilimi kafin ya cancanci tambaya. Ya ce yana tsoron kada ta ƙi.

"Haba Malam," ta ce, dariya na neman ƙwace mata. "Wa ka gani yana zaman sauraren tarihin kofi har kaji su shiga akurki in ba ya so?"

Daidai nan Malam Ma'azu ya fito zaure da buta a hannu, ya yi gyaran murya. Muhsin ya zabura, ya cire takalmi, ya durƙusa har ƙasa, kwalin sukarin yana hannunsa har yanzu.

"Baba, ranar Juma'a bayan an sauko, kawuna Sambo zai zo neman auren Safina."