Izu na Goma Sha Ɗaya

Malama Tasalla ta shekara ashirin tana ɗora wa matan aure karatun Alƙur'ani a gidanta a Bebeji. Haddarta izu goma ce, sauran sai ta duba takarda. To bana ido ya ƙi, ko da tabarau. Ga ɗalibarta Ummulkhairi, mai kai kamar me, ranar Asabar za ta shiga izu na goma sha ɗaya. In Malama ta kasa ɗora mata, matan za su gane, su watse. Abin ya tsaya mata a rai, amma ita ba mai zama ta yi tagumi ba ce.

Ta miƙa wa 'yarta Zuwaira waya. "Samo min manhajar Alƙur'ani, wadda ake ƙara wa rubutu girma."

Zuwaira ta sauke guda uku. Malama ta gyara zama, ta ce wa waya, "Ja in ji," kamar ta sami sabuwar ɗaliba.

Ta farko ta ja aya huɗu. Malama ta ɗaga hannu. "Karatu ya yi kyau, amma Hafsi ne. Mu Warshu Baffanmu ya ɗora mana, shi nake ɗorawa."

Ta biyu Warshu ce, sai dai ana tsakiyar sura tallar takalma ta faɗo.

"Kai! Takalmi a kan aya? Fitar da ita."

"Inna, ta ukun dai ta yi," in ji Zuwaira.

"Ke kika faɗa."

Malama ta ɗauki wayar ta shige ƙuryar ɗakin ƙasa inda take karantarwa, inda sabis bai taɓa leƙawa ba. Duk da haka shafi ya buɗe, Warshu ne, ba talla. Ta ja shi da yatsu biyu, baƙi ya yi ɓaro-ɓaro. Ta daɗe ba ta fito ba.

Ranar Asabar mata suka cika tabarma. Malama ta ɗora waya a kan matashi, ta biya wa Ummulkhairi sabon shafi, murya tar. Ummulkhairi ta maimaita da sauri, har ta kusa ƙarshe.

"Dakata," in ji Malama, yatsanta a kan layi. Daɗi ya cika ta har ta kasa ɓoye murmushi. "Koma baya, 'yar nan. Kin tsallake aya, ga ta nan ina kallonta."