Taƙi Ɗaya a Bryn Hirgoed

Tun kafin mu kai shingen muka fara jin rurin katafila.

"Ya fara," in ji Kawu Idwal. Bai jira ni ba, ya haye wayar shingen, wandonsa ya yage har gwiwa.

Kawuna ya ba saba'in baya. Rabin rayuwarsa ya ƙarar a hawan tuddan gundumarmu, duk tudun da ke cikin jerin da mahaya tuddai ke bi sai da ya dafa ƙololuwarsa da tafin hannu. Dokar jerin ɗaya ce: tudu ba ya shiga sai ya ɗara kwarin da ya raba shi da maƙwabcinsa da mita talatin. Bara Kawu ya gama, aka yi shagali. Kwatsam sai sakamakon sabon awon da jirgin sama ya yi da hasken lesa ya fito, aka ga Bryn Hirgoed, wani ɗan tudu a makiyayar Emrys Prydderch, ya haura talatin da taƙi ɗaya. Aka saka shi a jerin. Mahaya suka yi ta kwarara suna barin ƙofofi a buɗe, tumakin Emrys suka bazu a titi, mota ta bi ta kansu. Shi kuwa ya rantse a gidan giya sai ya aske kan tudun ya huta.

"Kawu, ka bar shi ya aske mana!" na ce ina haki a bayansa. "In ya faɗo ƙasa da talatin ai cire shi za a yi, ka koma cikakke."

"Nerys, ke ma kin san ba haka ba ne. Ya shiga jeri ina raye, ƙafafuna lafiya lau, ban dafa ba. Me zan ce in an tambaye ni?"

"Wa zai tambaye ka?"

"Ni."

A can sama katafilar tana tsaye dab da tarin duwatsun da mahaya suka jera don nuna ƙololuwa. Emrys ya leƙo ta taga, wuyansa kamar na bajimi.

"Kai, tsohon bunsuru! Dama na san za ka zo. Juya, ko in haɗa da kai!"

"Haba Emrys, in dafa kawai in tafi."

"Haka dukanku kuke cewa! Je ka gaya wa tumakin da na binne."

Ya yi wa karensa fito. Ban ankara ba sai na ji haƙora sun nutse a sha-raɓata. Na kwaɗa wa karen sandar hawa a hanci, na ƙara masa, ya saki ya gudu yana kuka. Da na ɗago, Kawu ya miƙi tarin duwatsun da gudu irin na tsofaffi, hannu a gaba.

Emrys ya juyo cokalin katafilar. Ƙarfe ya daki tarin, duwatsu suka tarwatse, gefen cokalin ya sami Kawu a haƙarƙari. Na ji ƙas, kamar an karya busasshen icce.

Ban san lokacin da na haye kan sarƙar katafilar ba. Na cafki kwalar Emrys na finciko shi, muka faɗo tare. Ya narka mini naushi a baki, na ji haƙori yana yawo a kan harshena. Na tofar, na sa masa goshi a hanci, jini ya wanke mu duka. Ya shaƙe ni har na fara ganin duhu. Hannuna ya laluɓo dutse, na sauke masa a wuyan hannu, ya yi ƙara ya saki. Na kifa shi, na danne masa wuya da gwiwa.

Kawu yana jan ciki. Ya isa inda tarin yake a da, ya buga tafinsa a ƙasa.

"Na dafa," ya ce, jini na bin gemunsa.

Na dubi na'urar nuna wuri da ke rataye a wuyana. Na ƙara dubawa. Mahayan da suka jera tarin da ido suka auna. Ɗigon da sabon awo ya nuna a matsayin ƙololuwa ba nan yake ba, yana can tsakanin sarƙoƙin katafila, ƙarƙashin cikinta, ga injin yana ruri, ga ta tana karkarwa a kan gangare.

Na so in yi shiru. Amma Kawu ya ga fuskata.

"Me na'urar ta ce?"

"Kwanta, Kawu, bari in kira motar asibiti."

"Nerys."

"Ba nan ba ne. Yana ƙarƙashinta."

Ya juya ya fara jan ciki, har kansa ya shige inuwar ƙarfen.

"Mahaukata!" in ji Emrys daga ƙarƙashin gwiwata, muryarsa a toshe. "Ke, sake ni in kashe injin! Birkin nan ba ya riƙewa, za ta markaɗe shi!"

"In sake ka ka ƙarasa shi?"

"To zauna ki kalla!"

Katafilar ta ɗan gusa. Na ga ciyawa tana kwanciya a bayan sarƙar. Na ɗage gwiwata.

Emrys ya haye katafilar da hannu ɗaya, ɗayan yana reto. Ya zauna. Ya dube ni, ya dubi takalman Kawu da suka leƙo daga ƙasa. Hannunsa yana kan sandar tuƙi, ni kuma dutsen yana hannuna.

Injin ya mutu.

"Hagu ko dama?" Muryar Kawu ce daga ƙasa, da ƙyar take fita.

Na durƙusa, na tura na'urar ciki. "Hagu. Ƙara kaɗan. Nan!"

Na ji tafi ya sauka a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa.

Emrys ya tofar da jini ta taga. "Ana ɗauke ka zan aske shi, ka ji na gaya maka."

"Aske abinka," in ji Kawu. "Nerys, jawo ni a hankali."