Ƙafar Dragutin a Ƙasar Obren

A Lipnik, in aka ambaci Dragutin, kowa da abin da zai ce. Mai kantin bakin gada ya ce bai taɓa jin "yi haƙuri" daga bakinsa ba. Ko ƙafarka ya taka, sai dai ya tambaye ka me take yi a wurin. Fada na cocinmu, da a wajenmu ba a hana shi aure ba, ya ce mutumin kirki ne, illa in ya zo neman gafara, laifin maƙwabta yake zayyanawa. Matarsa Milunka kuwa takan ce abu biyu yake saurara a duniya, injin jirginsa da muryar kansa.

A kan tuƙi kam babu mai musu. Ya tsufa yana feshin gonaki ta sama. Da ya yi ritaya sai ya jawo wani tsohon jirgin koyon tuƙi, kusan sa'ansa, ya gyara abinsa. Kujera biyu ne, gaba da baya, fukafukan katako da aka lulluɓe da yadi, farfela kuma sai an murza da hannu.

Mutum ɗaya ne ba a yi masa zancensa, wato Obren na bayan tudu. Obren kum ɗinsa ne: shi ya tsaya masa ranar aure, shi ya raɗa wa 'yarsa suna, kuma a wajenmu kum ya fi ɗan'uwa nauyi. Shi ne mai harba rokokin korar ƙanƙara. In hadari ya haɗo aka bugo masa waya, sai ya harba cikin gajimare don kada ƙanƙara ta sauko kan gonakin malina, jajayen 'ya'yan nan masu laushi da rabin kwarinmu ke ci da su.

Ranar bikin 'yar Dragutin, bayan kwalbar rakiya, barasar wajenmu, ta zaga, Dragutin ya karɓe makirufo daga hannun mawaƙi ya ce kum ɗinsa ya yi furfura yana harbin sama, har yau ko gajimare ɗaya bai faɗo ba. Obren ya miƙe ya ce gara shi da wanda ya feshe shanyar matar Fada da maganin ƙwari. An yi dariya sau biyu, amma ta biyun ta fi ƙarfi. Nan take Dragutin ya rantse ƙafarsa ba za ta ƙara taka ƙasar Obren ba, kuma shekara da shekaru bai saɓa ba.

Ran nan suna dawowa daga gidan 'yarsu, Milunka a kujerar gaba rungume da tukunyar sarma, dafaffen naɗin kabeji da nama, shi a baya riƙe da sandar tuƙi. Masu hasashen yanayi sun ce sai da yamma liƙis hadari zai iso, shi ya sa suka taso da rana tsaka. Sun yi nisa sama garau, sai jirgin ya fara tsalle kamar amalanke a kan burji. Wani sanyi ya shigo ta ɓular taga. Dragutin ya leƙa ƙasa, ya ga hayaƙin gidan bulo ya juya ya kwanta wani ɓangaren.

"Murfin tukunyar nan rawa yake," in ji Milunka da ƙarfi, don a cikin jirgin nan ba a magana a hankali.

"To ki riƙe shi. Ni ma ai riƙe nake da nawa."

A gabansu, tudun da ya kamata su tsallake su faɗa gida ya ɓace cikin gajimare baƙi ƙirin, gindinsa har wani kore-kore yake yi. Dragutin da ba ya ja da baya a magana, a sama ba ya jayayya da gajimare. Ya karkata jirgin ya juya inda suka fito. Can ma ruwa ya saki labule ya rufe bakin kwarin.

Ya rage tsawo ya bi kogi, don muddin yana ganin ƙasa bai ɓata ba. Injin ya yi tari, ya ja mariƙin da ke tura iska mai ɗumi cikin kabureta, tarin ya lafa. Ya fara neman wurin sauka tun da sauran haske. Masara ta yi tsayi. Gonakin malina duk turaku ne da waya. Gangaren kuma bishiyoyi ne reras.

"Ga makiyayar kum can," Milunka ta nuna da haɓa. "Shekaranjiya suka yanke ciyawa, sumul take."

"Ke ya aka yi kika sani?"

"Stana ta gaya mini."

"Matar Obren? Magana kuke yi?"

"Duk Talata muke shan gahawa. Kai ka rantse, tsoho, ni ban rantse ba."

"Akwai filin ƙwallo a gaba."

"Filin ƙwallon yana cikin baƙin can. In mutuwa kake so, sauke ni da tukunyata tukuna."

Ya dubi baƙin, ya dubi makiyayar, sai ya rage wuta. Ya zagaya ta sau ɗaya ƙasa-ƙasa yana duba wayar lantarki da shanu da rami. Zannuwan Stana da ke kan igiya suka nuna masa daga ina iska take. Ya fuskance ta ya sauko, iskar na fizgar fiffike ɗaya yana dannewa. Tayoyi suka taɓa ƙasa, jirgin ya yi tsalle, ya sake taɓawa, ya gangara ya tsaya. Ko romo bai zuba ba.

Obren na tsaye a gefen fili cikin rigar ruwa, kusa da mariƙin rokokinsa, waya a hannu. Ya sa ta a aljihu ya taho. Milunka ta sauko suka sumbaci juna a kumatu sau uku. Dragutin ya kashe inji ya harɗe hannu a kujerarsa.

"Milunka," in ji Obren, "ki gaya wa direbanki ƙanƙara ce tafe. Kwandon nan nasa na yadi rariya zai koma, in iska ba ta riga ta kifar da shi ba. Ya sauko mu tura shi rumfar ciyawa."

"Ki gaya masa," in ji Dragutin, "tayoyina ne a ƙasarsa, ba ƙafata ba."

"Ga shi ga ka, ku da ba kurame ba," ta ce.

Iska ta ɗaga fiffike ɗaya har taya ta bar ƙasa. Babu lokacin gardama. Stana ta fito a guje da silifas, ita da Milunka suka kama sandunan fukafukai, Obren ya ɗaga jela ya saɓa a kafaɗa, suka fara turawa da mai jirgin a ciki.

"Hagu kaɗan," Dragutin na ba da umarni ta taga. "Kada a danna yadin. A riƙe ta wurin ƙarfe."

"Milunka, me kike ba shi yake ci?" Obren na haki. "Ko duk girman kan ne ke da nauyi haka?"

Jelar na shiga ƙarƙashin rumfa ƙanƙara ta sauko. A kan kwanon rufin ƙararta ta hana kowa jin kowa. Suka tsaya suna kallo tana tsalle a kan ciyawa, wata kamar ƙwan tantabara. Stana ta kifa bokiti a ka ta tsallaka gida, ta dawo da faranti: cokalin 'ya'yan itace da aka dafa da sukari da kofin ruwa, abin da ake fara ba baƙo a kowane gida. Ta miƙa ta tagar jirgin.

"Ban shigo gidanku ba," in ji Dragutin.

"Ƙarƙashin rufinmu kake, kum. Karɓi, hannuna ya gaji."

Ya karɓa ya lashe cokalin tas.

Da abin ya lafa, fili ya yi fari fat. Daga kujerarsa Dragutin na hango gonar malinar Obren a gangare. Ganyen ya yayyage, 'ya'yan da ake shirin tsinka sun zube a ƙasa jajir. Obren ya je ya tsuguna a bakin kunya ta farko, ya ɗebo su a tafin hannu, ya duba, ya watsar, ya dawo yana goge hannu a wando.

Sai a lokacin idon Dragutin ya kai kan mariƙin rokokin. Suna nan a jere, kansu a sama, ko ɗaya ba a harba ba.

"Ba su bugo maka waya ba ne?" Karon farko ke nan da ya yi masa magana kai tsaye.

"Sun bugo."

"To me ya hana ka harbawa?"

"Wani tsohon jaki ne ya tsaya tsakanina da gajimaren, da matarsa da tukunya. Na gaya musu akwai jirgi." Obren ya ɗaga kafaɗa. "Ai ba komai. Kai ka ce rokokin ba sa aikin komai."

Milunka ta sunkuya tana gyara murfin tukunyar da babu abin da ya same shi. Stana na kallon rufi.

Dragutin ya kwance ɗamarar kujera. Ya buɗe ƙofa ya zuro ƙafa ɗaya, ta tsaya a kan matakin ƙarfe. Gwiwarsa ta sage don zama, da ya sauko sai da ya dafa kafaɗar Obren. Takalminsa ya nutse cikin laka har idon sawu. Ya cire hula ya yi gyaran murya, ya ce wani abu da bai fito ba.

"Kunnen nan rokoki sun cinye shi," in ji Obren, ya juyo da ɗayan. "Ranar bikin kuma da makirufo ka faɗa."

Dragutin ya ɗaga murya yadda yake yi a cikin jirgi, har kajin Stana suka watse.

"Na ce ka yi haƙuri, kum. Ban kyauta maka ba."