Katsin Sabo

A zamanin da fatake ke bi ta Birnin Kudu da jakunansu suna kwasar baƙaƙen tufafi zuwa Kano, tun Turawa ba su san hanyar ƙasar nan ba, an yi wani marini a Kangire ana ce masa Sabo. Marini ne na gaske, amma ba shi da rijiyar rini ko ɗaya. Rijiyoyin karofin garin kusan duk na wani attajiri ne, Ɗanbala, wanda ya gaje su a wurin ubansa, kuma tun da aka haife shi bai taɓa tsoma hannu a ruwan baba ba. Shi dai nasa zama a inuwa kan buzu, a dama masa fura. Su Sabo su jiƙa baba, su zuba toka, su juya da muciya har kafaɗa ta ƙage, su tsoma, su matse, su shanya. In fatake sun saya, Ɗanbala ya ɗebi kaso mai tsoka ya ce ai rijiya tasa ce. Ɗan abin da ya rage shi ake raba wa masu shuɗin hannu.

To, akwai wata al'ada a karofin nan. In ruwan rini ya mutu, sai an kwashe shi, wani ya tuɓe ya shiga ya yashe lakar da ta kwanta a gindin rijiya. Lakar nan ita ce katsi. Wari gare ta, Allah Ya kiyaye, mai hawa kai. Wanda ya shiga ya yashe kuwa, katsin nasa ne, haka aka taso aka tarar. Yawancin marina sayar wa magina suke yi, domin in an ƙona katsi aka kwaɓa da gashin da majema ke kankarewa daga fata da ruwan dafara, wata itaciyar daji mai yauƙi, shi ne laso, wanda ake shafe soro da shi ruwa ba ya ratsawa. Da shi kuma ake shafe cikin sabuwar rijiyar rini.

Sabo bai taɓa sayar da nasa ba. Ya dunƙula, ya shanya, ya jera a bayan ɗakin matarsa Barira, ya rufe da zana. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo, tarin yana hawa.

Barira takan ce, "Malam, mazan mutane rumbu suke ƙarawa, kai kana tara min ɗoyi a bayan ɗaki."

Shi kuma ya ce, "Ki toshe hanci, Barira. Rijiyarmu ce a nan kwance."

Da ya ga katsi ya isa, sai ya fara haƙa rami a gefen karofi, wurin da ba na kowa ba. Ai kuwa labari ya kai kunnen Ɗanbala. Da hantsi sai ga shi a ƙofar gidan Sabo da barorinsa da jakuna ɗauke da mangala.

Ya ce, "Sabo, baban da aka jiƙa a rijiyoyin nan, na wa ne?"

"Naka ne, ranka ya daɗe."

"Tokar fa?"

"Taka ce."

"To lakar da suka haifa ta wa ce?"

Sabo ya dubi tarin katsinsa. Ya san akwai amsa, yana jin ta a bayansa da ke ciwo, amma bai iya jera ta ba. Yana tsaye aka kwashe tarin nan tas. Kafin wata ya mutu, soron Ɗanbala ya sha laso, yana sheƙi ana hango shi tun daga hanyar Kiyako.

Sabo ya koma aiki, don tuwo ba ya jira. Sai dai ya daina hira. In ya wuce ramin da ya fara haƙa, sai ya kau da kai.

Ana nan, ruwan rijiyoyin Ɗanbala ya mutu, ga fatake sun sauka a zango da ɗaurin farin saƙi suna jira. Ɗanbala ya zo karofi ya tarar an kwashe ruwa, amma marina na zaune a gindin tsamiya sun miƙe ƙafa.

"Kai, lafiya? Wa zai shiga?"

Tsoho Haladu, wanda ya fi kowa daɗewa a karofin, kuma bakinsa ba ya hutawa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ai mun ji an ce katsi na mai rijiya ne. To ga rijiya, ga katsinka a ciki. Mu iyayenmu sun hana mu taɓa kayan mutane."

Isma'ila, wani marinin, ya miƙe da ladabi. "Kawo rigar in riƙe maka, Maigida, kada ta ɓaci."

Dariya ta ɓarke. Sabo kansa bai san sanda ya murmusa ba. Ɗanbala ya fusata ya tura wani baransa ciki. Bawan Allah ya shiga da fartanya, ya kafta sau ɗaya ya tsaga shafen rijiyar, wari ya buge shi, sai da aka jawo shi yana kakarin amai. Ɗanbala ya dubi tsagar nan, ya dubi wajen zango. 

Can ya ce, "Ku shiga. Katsi na mai yashewa ne."

Haladu ya kama kunne. "Na'am? Tsufa ya ci min kunne, Maigida."

Sai da Ɗanbala ya sake faɗa da ƙarfi, kowa ya ji, har mata masu ɗiban ruwa.

Amma fa katsin Sabo da aka kwashe ya riga ya hau soro, ba mai kankaro shi. Sabo ya tuɓe ya shiga rijiya yana tunanin daga farko zai sake, ga gwiwa ta fara ƙara. Ya cika kwandonsa ya fito, zai nufi gida, sai ya ga Isma'ila ya wuce shi da kwando a ka, ya je bakin ramin nan da aka yi watsi da shi ya juye. Nuru, shi ma marini, ya bi bayansa. Ɗan'azumi ma, wanda kowa ya san da katsinsa yake sayen gishirin gida, ya juye nasa. Haka suka yi ta yi har aka gama yashe rijiyoyin.

Sabo ya ce, "Jama'a, me ke nan? Ku fa kuna da iyali."

Haladu ya ce, "Kai dai matsa, ka tare hanya. Mun gaji da ganin ramin nan ya buɗe baki kamar yana bin mu gaisuwa."

Da katsi ya bushe aka ƙona. Hapsatu, matar wani majemi, ta aiko da gashin jima cike da ƙwarya, ta ce kada a sake a yi mata maganar biya. Nuru ya tafi dajin Maruta, can wajen Gwaram, ya saro dafara, ya dawo ƙafa duk ƙaya. Barira ta daka dafarar, ta jiƙa, ta kuma dafa wa masu aiki dambu. Laso bai kai yadda Sabo ya so ba, don haka rijiyar ta fito 'yar ƙarama, ba ta kai zurfin na Ɗanbala ba. Aka cika ta da ruwa aka bar ta kwana da kwanaki, ruwa bai ragu ba.

Ranar da ruwan baba ya nuna, kumfa ta taso shuɗiya tana ƙyalli, marina suka kewaye bakin rijiyar. Sabo ya durƙusa.

Ya ce, "Ban san da me zan biya ku ba. Duk wanda ya samo saƙinsa, ya kawo nan ya rina, ba kason kowa a ciki. In kuma mun yashe, mu tara, bana a haƙa wa Isma'ila, baɗi Nuru. Allah Ya saka muku, Ya jiƙan iyayenku."

Aka ce amin. Haladu ya kwance tsohon rawaninsa da ya koɗe, ya cilla wa Sabo.

"To mai rijiya, tashi. Fara da wannan, kuma in ya fito da dabbare-dabbare, a kasuwa zan faɗa."

Sabo ya share ido da bayan hannu, ya ce bismillahi, ya tsoma.